Malam Abdullahi Mai Boɗinga da Sha'anin Alharini: Rayuwar Malamin da Ya Zaɓi Ƙawata Takardu

Tsakure

Wannan maƙala ta bi rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo (1766–1829) ta wata kafa da ba a cika bi ba, wato dangantakarsa da tufafin alfarma. A matsayinsa na masanin lugga kuma mai tafsiri, ya san sunayen alharini da suka shigo Larabci daga Farisanci, irin su istabraƙ da dibaji. A matsayinsa na jagoran jihadi kuma, ya ga yadda son waɗannan tufafi ya fara cin zukatan abokan gwagwarmayarsa. An duba karatunsa, da ficewarsa daga runduna, da zamansa na Boɗinga, da saɓanin fahimtar da ya shiga tsakaninsa da yayansa Shehu Usmanu a kan ado.

1.0 Gabatarwa

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya nufi kudu, kan hanyar da ke bi ta Shagari zuwa Tambuwal, zai ratsa Boɗinga tun bai yi nisa ba. Gari ne da a yau ake saninsa da zama hedikwatar ƙaramar hukuma, amma a farkon ƙarni na 19 ya kasance mazaunin mutumin da masana da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin Larabci mafi zurfi cikin shugabannin jihadin 1804. Saboda wannan zama ne ake yi masa laƙabi da Mai Boɗinga, kamar yadda ake kiransa Abdullahin Gwandu saboda garin da ya ƙare rayuwarsa. A shekarun da ya yi a Boɗinga ne ya kammala babban tafsirinsa, ya tattara waƙoƙinsa, kuma ya yi muhawara da Shehu a kan abin da ya halatta shugaba ya sa a jikinsa. Waɗannan abubuwa uku suna da zare ɗaya da ya ɗinke su, kuma bakin zaren yana komawa har ƙasar Farisa.

2.0 Haihuwa da Neman Ilimi

An haifi Abdullahi a wajajen shekarar 1766, a gidan Malam Muhammadu Fodiyo na zuriyar Toronkawa. Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara goma sha biyu. Ya karanci Alƙur'ani a wurin mahaifinsu, da ya kai shekara goma sha uku kuma aka damƙa shi ga yayansa, wanda a lokacin ya riga ya fara wa'azi. A littafinsa Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, ya nuna cewa a hannun Shehu ya karanci Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin shahararrun mawaƙan nan shida na zamanin jahiliyya. Wannan ne tushen ƙaunarsa ga baƙin kalmomi. Mawaƙan jahiliyya sun cika waƙoƙinsu da sunayen raƙuma da dawaki da makamai da tufafi, waɗanda ko Balarabe na baya sai da taimakon sharhi yake gane su. Yaron da ya tashi yana haddace irin waɗannan baitoci yakan saba da tsayawa a kan kalma guda har sai ya san asalinta.

Bai tsaya ga yayansa kaɗai ba. Ya yi karatu a wurin Malam Jibrila ɗan Umaru, kuma a wajajen 1786 ya halarci karatun Sahihul Bukhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji. Ya bi Shehu yawon wa'azi a Zamfara da Kabi, ya zama shi ne alƙalamin Jama'a. Lokacin da wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu cikin waƙa saboda barin mata su halarci wa'azinsa, Abdullahi aka umarta ya mayar da amsa, ya kuwa mayar cikin waƙa, yana kare haƙƙin mata na sanin addininsu.

Tun a wannan zango tufa ta riga ta zama maganar siyasa a Gobir. A taron Magami na 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi alfarma biyar a madadinta, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce a girmama duk mai rawani. Abdullahi yana wurin. Bayan 'yan shekaru Sarki Nafata ya yi shelar hana maza naɗa rawani da hana mata lulluɓi. Ke nan kafin a zare takobi, an fara faɗa a kan ƙyalle, kuma Abdullahi ya ga da idonsa cewa abin da mutum ya sa a jiki yana iya zama tutar aƙidarsa.

3.0 Kalmar Farisa a Zauren Malami

Domin a fahimci matsayinsa a kan alharini, ya dace a dubi yadda sunayensa suka iso ƙasar Hausa. Daular Sasaniyawa ta Farisa ta shahara da saƙar alharini mai zane, kuma Larabawa sun karɓi hajar tare da sunanta. Kalmar dibaji ta samo asali ne daga diba ta Farisanci. Istabraƙ kuma ta fito daga wata tsohuwar kalmar Farisanci mai nufin kauri, don haka ma'anarta ita ce alharini mai kauri. Mawaƙan Farisa sun yi wasa da irin waɗannan sunaye iya son ransu. A Shahnama, wadda Firdausi ya kammala a 1010, ana yawan cin karo da diba da parniyan, wato alharini mai zane, da parand, wato wanda ba shi da zane. A ƙarni na 15 ma an yi wani mawaƙi, Nizamuddin Mahmud Ƙari na garin Yazd, wanda ya tsara diwani sukutum a kan tufafi, har masu nazari a yau suna komawa gare shi don gano ma'anar sunayen yadin da suka ɓace daga bakin mutane.

Zauren karatun ƙasar Hausa bai karɓi waɗannan kalmomi daga waƙoƙin Farisa kai tsaye ba. Sun zo masa sanye da rigar Larabci, ta ƙofofi uku. Ta farko ita ce Alƙur'ani, inda istabraƙ ta zo sau huɗu, a surorin Kahfi da Dukhan da Rahman da Insan, ko'ina tana siffanta ni'imar 'yan Aljanna. A wurare uku daga cikinsu an haɗa ta da sundus, kuma masu tafsiri sun bayyana sundus da cewa dibaji ne marar kauri, istabraƙ kuma mai kauri. Ƙofa ta biyu ita ce hadisi. Bukhari ya kawo labarin Sayyidina Umar da ya ga rigar istabraƙ a kasuwa, ya kawo wa Annabi (SAW) don ya riƙa ado da ita ranar idi da ranar tarbar baƙi, amma Annabi ya ƙi, ya nuna cewa ba tufar mumini ba ce a nan duniya. Ƙofa ta uku ita ce littattafan lugga da ilimin Alƙur'ani. Jawaliƙi ya tattara kalmomin aro a littafinsa Al-Mu'arrab, Suyuɗi kuma, wanda ya rasu a 1505, ya ware babi a Al-Itƙan don kalmomin Alƙur'ani da ake cewa asalinsu ba Larabci ba ne, ya sa istabraƙ da sundus a ciki.

Abdullahi ya shiga ta dukkan ƙofofin nan. Ya karanci Bukhari, ya kuma mayar da ilimin da Suyuɗi ya tattara a Al-Itƙan zuwa waƙa a littafinsa Miftahut Tafsiri. Ga mutum mai irin wannan karatu, istabraƙ kalma ce mai fuska biyu: alkawari ce ga wanda ya yi haƙuri har lahira, haramiya ce ga namijin da ya gaggauta ɗanɗana ta a duniya. Mazhabar Malikiyya da yake bi ta hana maza sa zallan alharini da zinariya, ta halatta su ga mata.

4.0 Daga Tafkin Kwatto Zuwa Kano

A watan Fabrairun 1804 Jama'a suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, inda aka yi wa Shehu mubaya'a, kuma Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. A watan Yuni na wannan shekara ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto, aka karya Sarkin Gobir Yunfa. A 1805 shi ne ya jagoranci cin Birnin Kabi. Malamin lugga ya zama sarkin yaƙi, kuma kusan kowace nasara ko asara sai ya rubuta mata ƙasida.

Amma nasara ta zo da cutarta. Yaƙe-yaƙen Tsuntsuwa da Alwasa sun cinye ɗimbin malamai da mahaddata waɗanda aka yi hijira da su, waɗanda suka cike gurbinsu kuwa ba duka ne suka zo don abin da aka fito dominsa ba. Kafin karon Alwasa ma, wani sashe na runduna ya auka wa mutanen da ake zaman amana da su don kwasar ganima, Abdullahi ya yi ƙoƙarin hanawa, ba a saurare shi ba. Abin ya yi ta cin sa, har a wajajen 1807 ya sulale daga runduna tare da 'yan mutane kaɗan, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina, ba tare da shirin dawowa ba.

Ƙasidar da ya yi a kan wannan tafiya tana cikin mafi ɗaci a duk rubutun jihadi. A cikinta ya yi kukan abokansa da suka riga shi, ya kuma zayyana waɗanda aka bar shi a cikinsu: mutanen da burinsu shi ne mallakar ƙasashe da neman muƙami, da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa, da dawakin da ake sukuwa da su cikin gari maimakon fagen fama. Abin lura shi ne yadda ya jera tufafi a sahu ɗaya da mulki da mata da dawaki. A ganinsa riga mai tsada alama ce ta ciwon da ke ciki, domin wanda ya fara auna kansa da rigarsa zai nemi dukiyar sayenta, dukiyar kuwa daga hannun talaka za ta fito.

Tafiyar ta tsaya a Kano. Mutanen birnin suka tare shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Shi kuma ya ga cewa abin da ya gudo dominsa ya riga shi isa can. Ba abin mamaki ba ne, domin Kano ita ce cibiyar saƙa da rini da cinikin tufafi, kuma nan ne ayarin Arewa ke sauke alharini da mulufi da takarda. Sai ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya kuma karantar da tafsirin Alƙur'ani. Ya ba da labarin cewa mutane sun tuba, har suka farfasa kayan kiɗa suka mayar da gangunan abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya fasa tafiyar gabas ya koma wurin Shehu. A watan Oktoban 1808 Alƙalawa ta faɗi.

5.0 Shekarun Boɗinga

Da Shehu ya tashi daga Gwandu ya koma Sifawa a wajajen 1810, sai Abdullahi ya kafa mazauninsa a Boɗinga, kusa da shi ƙwarai, yayin da Muhammadu Bello yake gina Sakkwato. A 1812 Shehu ya raba kula da daula: yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Wannan yanki na Sifawa da Boɗinga ya zama kamar babbar makaranta, ɗalibai na zuwa daga nesa, malamai na rubutu suna amsa wa juna.

Shekarun nan ne mafiya albarka a rubutunsa. A 1812 ya rubuta Ida'un Nusukhi. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa na Larabci ya saƙa su cikin tarihin rayuwarsa da na jihadi, ya sa wa littafin suna Tazyinul Waraƙati, ma'ana ƙawata takardu. Sunan ya dace da mai shi. A Larabci kalmar dibaja, 'yar'uwar dibaji, tana nufin gabatarwar littafi da kuma kyawun salon marubuci, domin Larabawa sun daɗe suna kwatanta tsara magana da saƙa. Mutumin da ya tsani ado a kafaɗar shugaba bai yi rowar ado ga baitocinsa ba: ya cika su da baƙin kalmomi na mawaƙan farko, har mai karatu na bukatar ƙamus a gefe. Lokacin da Mervyn Hiskett ya fitar da littafin tare da fassarar Ingilishi a Ibadan a 1963, masana na waje suka ga irin zurfin Larabcin da ake rubutawa a wannan yanki.

A 1816 ya kammala Liya'ut Ta'wili fi Ma'anit Tanzili, tafsirin Alƙur'ani cikakke, wanda aka buga a Alƙahira cikin juzu'i huɗu a 1961. Daga cikin littattafan da ya dogara da su akwai Jalalaini da tafsirin Bailawi, malamin da shi kansa ɗan yankin Shiraz ne a Farisa. A cikin wannan aiki dole alƙalaminsa ya tsaya sau huɗu a kan istabraƙ, a wani gari da masaƙansa ke saƙa auduga, nesa da masaƙun Farisa da tafiyar watanni.

6.0 Mundayen Kisra: Saɓani da Shehu

Muhawarar da ta fi bayyana halinsa ita ce wadda ya yi da yayansa kuma malaminsa. Bayan nasara, tambayoyi sun taso: ko ya halatta a kira shugaba da sunayen sarauta irin na da, ko ya halatta a buga tambari da kayan kiɗa, ko ya halatta shugabanni su yi ado da tufafin alfarma da zinariyar da aka samu a ganima. Shehu, a rubuce-rubucensa na wannan zango irin su Misbahu Ahliz Zamani, ya karkata ga sassauci. Dalilinsa shi ne kada a tsananta wa jama'a a kan abin da malamai suka yi saɓani a kansa, kada kuma a buɗe ƙofar da kowa zai riƙa tuhumar shugabanni.

A kan batun ado, hujjar ta komo ga Farisa. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa Suraƙatu ɗan Maliku albishir cewa wata rana zai sa mundayen Kisra. Da aka ci Mada'in, babban birnin Sasaniyawa, a shekarar 637, aka kawo taskar Kisra Madina, sai Sayyidina Umar ya kira Suraƙatu ya sa masa su. Shehu ya ga cewa wannan na nuna halaccin sa irin waɗannan kaya na ɗan lokaci don bayyana godiya ga Allah a kan nasara. Abdullahi bai gamsu ba. A fahimtarsa abin da Umar ya yi tabbatar da mu'ujizar Annabi ne ga mutum guda da aka ambata da suna, don haka ba a gina hukunci na kowa da kowa a kansa. Ya bayyana matsayinsa a littattafansa na siyasa, musamman Liya'us Sulɗani, Shehu kuma ya mayar da bayani a Najmul Ikhwani, inda ya kuma shawarci ɗalibai su riƙa karanta littattafan ƙanen nasa saboda tsayuwarsa a kan zahirin shari'a.

Kowannensu yana tsoron wani abu na gaskiya. Shehu yana tsoron tsananin da zai wargaza al'ummar da ba ta daɗe da haɗuwa ba. Abdullahi yana tsoron cewa abin da aka halatta na yini ɗaya don godiya zai zama al'adar fada, har a wayi gari sabon shugaba bai bambanta da Sarkin Gobir ba sai da suna. Saɓanin bai taɓa zumuncinsu ba, kuma an yi shi a rubuce, da hujja, tsakanin garuruwa biyu da ke kallon juna.

7.0 Ƙofar da Aka Rufe da Ƙarshen Rayuwa

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can a watan Afrilun 1817. Labari ya iske Abdullahi a Boɗinga, ya hau ya nufi Sakkwato, ya tarar an rufe ƙofar gari, an kuma riga an yi wa Bello mubaya'a. Bai ja runduna ba, bai yi kiran tawaye ba. Ya juya, daga baya ya tattara ya koma Gwandu. Mutumin da ya zargi wasu da kwaɗayin mulki ya samu kansa a gaban jarrabawar da ya gargaɗi mutane a kanta, kuma ya ci ta da shiru.

An yi 'yan shekaru ana zaman doya da manja, har tawayen Kalambaina ya tsananta a kansa a wajajen 1820. Bello ya zo da runduna ya taimaki baffansa aka ci garin. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Daga nan ya sakar wa 'ya'yansa da Muhammadu Buhari ɗan Shehu yawancin harkokin mulki, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya taƙaita tafsirinsa a Kifayatu Lu'afa'is Sudan don masu ƙaramin karatu. A fagen nahawu ya bar Al-Bahrul Muhiɗ mai baitoci fiye da dubu huɗu, a fagen sarfu kuma Al-Hisnur Rasin. Ana kuma jingina masa wasu waƙoƙi na Hausa da Fulatanci. Ya rasu a Gwandu a 1829, kuma kabarinsa yana can. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sannan Ibrahim Halilu, wanda matafiyi Heinrich Barth ya tarar a 1853 yana zaman keɓewa irin na masu gudun duniya, har bai samu ganinsa ba.

8.0 Kammalawa

Tarihi ya gaskata Shehu ta wata fuska, ya gaskata Abdullahi ta wata. Daular ta ɗore kusan shekara ɗari, kuma zaman lafiyar da ta samar ya bunƙasa saƙa da rini da ɗinki, har rigunan ƙasar Hausa suka kai Tambutu da bakin teku. Amma alkyabba da rigar da aka yi wa aiki da alharini sun zama alamar sarauta da kyautar da manya ke sayen biyayya da ita, kamar yadda ya hango tun yana kan hanyar Kano. Mai nazarin Liya'ul Hukkami ko Tazyinul Waraƙati a yau zai tarar cewa tambayar da Mai Boɗinga ya yi ba ta tsufa ba: daga aljihun wa aka biya kuɗin rigar da shugaba ya sa, kuma me ya rage na manufar da aka fito dominta bayan an sa ta.